Igiyar da Na Ƙi Saki

Tsufa ya fara kwashe mini abubuwa a kai, sai in yi ta neman carbina alhali yana wuyana. Amma ba zan taɓa mantawa da ranar da aka ja ni a kan tekun Jidda kamar buhun gero ba, ni 'yar masunta, jikar masunta.

Ruwa dai na san shi, kada wani ya yi mini musu. A Yawuri aka haife ni, a bakin Kwara. Kafin in iya ɗaura zani na iya ninƙaya. Na ga dorina ta kife kwale-kwale da idona, na yi wanki kada na shan hantsi a kan yashi kusa da ni. Duk wannan gaskiya ne. Abin da ba na faɗa shi ne, tun da na zo aikin hajji da goyo a bayana na zauna a Makka, ruwa mafi zurfi da na shiga shi ne na bokitin wanka. (Goyon nan yanzu gemunsa ya yi furfura.) Amma baki bai daina ba. Tun muna unguwar Nakkasa, kafin a rushe ta mu dawo unguwar Zahir, nake tara jikoki ina ba su labarin ruwa, dorinar nan kuwa kowace shekara sai ta ƙara ƙiba.

Cikin jikokin akwai Ruƙayya, ƙawata, budurwa ce yanzu. A nan aka haife ta, Larabci ya fi mata sauƙi, in tana Hausa kamar tana tauna tsakuwa. Ita kaɗai ta gado ni wajen son ruwa. Ƙawayenta na makaranta suka kai ta Abhur, can bakin tekun Jidda, ta koyo wani wasa: a ɗaure ƙafafu a kan allo, a riƙe igiya, jirgi mai inji ya ja mutum a guje a saman ruwa. Har allonta ta saya, uwarta na rufa mata asiri. Ranar da ubanta ya gane (ɗana na fari ne, ba na kama sunansa), ya ce halas, an gama. Yarinyar nan ta yi kuka har idanunta suka kumbura. Da tausayi ya kama shi sai ya ce:

"To, Inna ta san ruwa. A kai ta ta gani. In ta ce babu haɗari, na yarda. In ta ce a'a, kada in sake jin maganar."

Ruƙayya ta zo ta riƙe mini gwiwa. (Sitti jikokin ke ce mini, wato kaka.) "Sitti, don Allah ki zauna kawai, bas. Ki zauna a jirgi, ki kalla, ki ce lafiya lau. Shi ke nan."

Na ce, "Ƙawata, kwantar da hankalinki. Ai kin riga kin samu."

Aiki ke nan da aka ba ni, jama'a. In zauna. Abin da na fi kowa iyawa a gidan nan.

Lokacin sanyi ne, iskar arewa na kaɗawa. Ubanta ya tuƙa mu, ya zauna a bakin gaɓa da butar shayinsa, mu muka shiga jirgi. Mai koyar da su wata Balarabiya ce, yarinya ƙarama, suna ce mata Kabtin. Ruƙayya ta sa baƙar rigar roba da ake sawa saboda sanyi, ta faɗa ruwa, aka ja. Wallahi da na ga yarinyar nan ta miƙe tsaye a kan ruwa, tana yanka shi hagu da dama, tana tsalle tana dira, sai da ƙwalla ta zo mini. Na ce a raina, da Baba na da rai ya ga jininsa. Da a nan na yi shiru, da yanzu wani labarin nake ba ku.

Da ta hau jirgi tana haki, sai Kabtin ta ce mata da Larabci, "Gaya wa Hajiya ta riƙe ƙarfen nan da kyau, miskina, tsofaffi na tsoron ruwa." (Ta ɗauka ba na ji. Ni da na ci kasuwa da Larabawa tun ba a haifi uwarta ba.) Ruƙayya ta ce, "Sitti? Ai da dorina ta yi iyo." Kabtin ta dube ni ta ce, "Masha Allah," da irin murmushin da ake yi wa yaro in ya ce ya ga aljani.

Murmushin nan ne ya kashe ni.

Na ce a ba ni allon. Ruƙayya ta zaro ido. "Sitti, la! Kin yi alkawari!" Na ce alkawarin me, ai gani aka ce in yi, kuma masunci da jikinsa yake gani. Kabtin ta ƙi, na nace, na ce ko a ba ni ko in dira haka nan. Daga ƙarshe suka fito da wani faffaɗan allo da ake durƙusawa a kai, na koya wa yara, suka ce za a ja ni a hankali kusa da gaɓa. Aka miƙo mini rigar roba, na ce ni? In sa fatar tarwaɗa a gaban ɗan cikina? Rigar da ke hana nutsewa kawai na yarda aka ɗaura mini a kan abaya. Kabtin ta ɗaga yatsa ta ce abu biyu: in na faɗi in saki igiya nan take, kuma kada in taɓa komai da ke yawo a ruwa, lokacin ƙandil ne. Ban ma tambayi mene ne ƙandil ba. Na ce wadda ta yi wanki kusa da kada ake yi wa gargaɗi?

A Yawuri, da safiyar sanyi kogi hayaƙi yake yi, in ka shiga sai ka ji shi da ɗumi. Haka na zata. Ina shiga ruwan nan iska ta bugi jiƙaƙƙiyar abayata, sanyi ya ratsa ni har ɓargo, haƙoran da suka rage mini suka fara gaisawa da juna. Amma na cije. Na durƙusa a kan allo kamar mai wanki, aka ja. Kuma na tafi fa! Na ɗan tafi, har na buɗe baki zan rangaɗa guɗa. Sai igiyar ruwa ta daki allon, ya yi nasa wuri, na yi nawa.

Nan ne ya kamata in saki. To amma ina yarinya na taɓa sakin igiyar taru, kifi ya tsere, Baba ya buga mini filafili a bayan hannu ya ce 'yar masunci ba ta sakin igiya ko da hannun zai cire. Kaina ya ji maganar Kabtin, hannuna kuwa ta Baba ya riƙe. Aka yi ta jana a kife, ina shan ruwan gishiri ta baki ta hanci. Ina jin Ruƙayya tana ihu, "Saki! Sitti, saki igiya, don girman Allah!" (Ban taɓa jin Hausarta ta fita tas kamar ranar ba.) Kafin jirgin ya tsaya, ɗankwali ya tafi, zanin da ke ƙarƙashin abaya ya bi shi, abayar kuma ta naɗe ta dawo wuya.

Ina yawo a ruwa kamar gora, babu abin da ke raina sai sutura. Sai na hango wani abu fari-fari yana lilo kusa da ni. Na ce ɗankwalina ne. Na kai hannu na rungumo.

Kun taɓa zuba tafasasshen mai a hannu? To ku haɗa da barkono. Ashe shi ne ƙandil ɗin, wani abu mai santsi kamar kamu, ba ƙashi, ba ido, ba baki, sai zare-zare masu harbi. Ni da dorina ba ta sa ni kuka ba, na buɗe maƙogwaro na ce, "Wayyo Baba! Dodon ruwa! Ku cece ni!" Duk wanda ke bakin tekun nan ya ji. Ruƙayya ta diro ta ture abin, ita ma ya shafe ta a wuya, ta tallafo ni, Kabtin ta kama rigar ta jawo ni cikin jirgi kamar an kamo giwan ruwa. Da na ɗaga ido na hango ɗana tsaye cikin ruwa har ƙirji da jallabiyarsa, mutumin da bai iya iyo ba, yana kiran "Inna! Inna!" Wannan ya fi harbin ciwo.

Aka zuba mana ruwan kal, mai tsamin nan, a inda ya harba, aka naɗe ni da tawul ɗin yara mai zanen kifaye. Kabtin ba ta yi murmushi ba a wannan karon. Da ma ta yi.

Muka kamo hanyar gida a mota. Muna dab da shiga Makka na tattaro ƙarfina, haƙora na kaɗawa, na ce wa ɗana, "Wasan nan fa babu haɗari. Ni ce ban ji magana ba. Ka bar ta ta yi."

Ya dubi wuyan 'yarsa ta madubi, ya ce, "Inna, ai na gani da idona. Ruwan da ya yi wa 'yar Yawuri haka, me zai yi wa 'yar Zahir? Halas."

Kun ji. Dorinar da na yi shekaru ina yi wa kiwo ita ta tashi ta danne mini jika.

Ruƙayya ba ta taɓa yi mini gori ba. Ita ta riƙa shafa mini magani har hannun ya warke. Allonta a ɗakina ta jingine shi, bayan ƙofa, ta ce a nan ubanta ba zai jefar ba. Kullum na idar da salla na waiwaya sai mu haɗa ido da shi. Na roƙi ubanta ya fi a ƙirga, sai ya ce, "Allah ya ƙara miki lafiya, Inna," ya ɗauki makullin mota ya fita. In ƙananan jikoki suka ce, "Sitti, ba mu labarin dorina," Ruƙayya sai ta tashi a hankali ta shiga kicin.

Yanzu dai dorinar ta koma girmanta na gaskiya, kadan nan ma na matsar da shi can nesa da wurin wanki. Abin da na koya kuwa da furfurata, bayan na sha gishiri na bar zani a teku: kai ni aka yi in gani, ba a kai ni don a gan ni ba.