Ajiyar da na binne a tulun wake

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tsaya gaban manyan mutane da ajiyar da aka ba ni, hannuna fari fat da toka. Ina aji biyu na kolej a Madarumfa, can ƙarshen shekarun casa'in. Ni yarinya ce mai kunya ƙwarai. In malami ya kira sunana a aji sai muryata ta maƙale, amma ina iya gaya muku maɓalli nawa ne ya ɓace a rigarsa.

Ƙanen mahaifiyata, Kawu Habu, shi ne sakatare a ofishin wani aikin taimakon manoma. A ofishin akwai ordinatar guda, wato kwamfuta, kuma a sanina ita kaɗai ce a garin. Ana lulluɓe ta da zane in an tashi aiki. Shekarar damina ba ta yi kyau ba, saboda haka bayan kaka Kawu ya yi makonni a kan moto, daga ƙauyukan Gabi har na yankin Sarkin Yamma, yana rubuta sunayen magidantan da za a ba iri kafin shuka mai zuwa. Duk wanda sunansa bai fito ba, ba zai samu ko tiya ba.

Da ya gama shigar da sunayen a ordinatar, sai ya zo gidanmu wata Juma'a da wani abu baƙi mai kusurwa huɗu, bai kai tafin hannuna ba, a cikin leda.

"Ɗiyata, wannan shi ake cewa disket," in ji shi. "Duk sunayen nan suna ciki. Aikin da ba a ajiye shi wuri uku ba, ba a ajiye shi ba. Ɗaya yana cikin inji, ɗaya a kabad ɗin ofis, na uku kuma dole ya bar ofishin gaba ɗaya. Ni ɗakina a cikin gidan ofis yake. Ke kuma na lura ko allura ba ki yarwa."

Ya ce in kiyaye shi daga ruwa, da zafi, da gara. Na ce to. Tambayoyi sun fi goma a bakina, amma kunya ta hana ko ɗaya fita.

Kwana uku ina tunanin inda zan sa shi. Akwatin Inna gara ta taɓa shiga. Ɗakinmu yana yoyo da damina. Jakar makaranta kuwa rana take sha. Sai ga Inna tana gyaran waken iri kamar yadda take yi kowace shekara: ta tankaɗe toka, ta zuba wake a tulu, ta bi da toka, ta ƙara wake, har ya cika, sannan a liƙe baki da laka a tura ƙuryar ɗaki. Ban taɓa ganin an buɗe tulun nan an tarar da ƙwaro ko danshi ba. Ba ruwa, ba zafi, ba gara. Sai na ji kamar Kawu tulun Inna yake kwatantawa.

Da Inna ta fita kwaɓa laka, na ɗauko disket. Ga inda hankalina ya kai ƙarshe: na ce ai toka ba za ta yi aikinta ba in bai taɓa ta ba. Sai na zare shi daga ledar (ledar ma na ninke ta da kyau na adana, kada ta lalace), na tura shi tsakiyar tulu har gwiwar hannu. Inna ta dawo ta liƙe. Wata shida ina wuce tulun nan ina jin kaina babba.

Hadarin farko ya zo wata Lahadi da la'asar, da iska da tsawa. Ranar Talata muna cikin darasin lissafi na hango Kawu a bakin taga, idonsa ja. Ya yi magana da malami, aka ce in fito.

"Yana nan?" ya tambaye ni. Ko gaisuwata bai amsa ba.

"Yana nan, Kawu."

"Alhamdu lillahi. Hau moto."

A hanya ya gaya mini. Tsawa ta bi waya ta ƙone ordinatar. Iska ta yaye kwano ɗaya daidai kan kabad, ruwa ya jiƙa disket na biyu da takardun da ya rubuto a ƙauyuka, tawada ta narke. Motar iri kuwa za ta iso ranar Asabar. Daraktan ofishin ya ce in sunayen sun ɓace, Kawu ya nemi wani aiki. An aiko mai gyara daga Maraɗi da wata ordinatar, suna zaune suna jirana.

Muna isa gida na ɗauki taɓarya na nufi tulu. Inna ta fito daga madafa.

"Ke! Lafiyarki? Irin nawa za ki fasa lokacin shukar wake bai yi ba?"

"Inna, ajiyar Kawu ce a ciki."

Kawu yana tsaye a bakin ƙofa. Ban ga fuskarsa ba, amma na ji ya ce a hankali, "A cikin me?"

Na fasa lakar, na tura hannu na laluba, na zaro shi. Ya shiga baƙi, ya fito fari. Kawu ya ce, "Inna lillahi." Ya miƙo hannu, sai ya janye. "Riƙe shi da kanki. Ke za ki yi musu bayani, ni bakina ba zai iya ba."

Ban taɓa ganin hanya mai gajarta irin ta ranar ba. Ina bayan moto ina karanto duk addu'ar da na sani, ina roƙon Allah taya ta fashe. Ƙarƙashin bishiyar bedin da ke ƙofar ofis masu gari uku suna zaune a tabarma, sun zo jin ranar rabo. Ɗayansu ya ce, "Sannu 'yar lakwal, 'yar boko, an ce ke ce mai ceton namu." Na durƙusa na gaishe su, hannu a bayana.

A ciki darakta yana tsaye, mai gyara yana zaune gaban sabon inji. Darakta ya yi murmushi ya ce, "To madmazal, kawo."

Na ɗora disket a kan tebur. Toka ta tashi. Mai gyara ya ɗauka da yatsa biyu, ya ja ɗan ƙarfen bakinsa, ƙarfen ya ƙi motsi. Ya ƙwanƙwasa shi a tafin hannu, toka ta zubo, sai ga ɓarin wake ya faɗo, ya gangara a kan tebur ya tsaya daidai gaban darakta. Duk muka bi shi da kallo.

"A ina aka ajiye wannan?" in ji darakta.

"A tulun iri," na ce. Ko ni ban ji muryata ba.

"A ina?"

"A tulun wake. Cikin toka. Saboda gara."

Mai gyara ya kifa kai a kan tebur, kafaɗunsa suna rawa. Darakta bai yi dariya ba. Ya juya ya dubi Kawu, ya daɗe yana dubansa. Wannan kallon ya fi mini zafi a kan a doke ni, don na ga Kawu ya cire hularsa yana murzawa kamar ɗalibi.

Da mai gyara ya ɗago ya share ido, ya ce, "Gaskiya gara ba ta ci ba. Amma wallahi ba zan sa shi a injina haka ba." Ya nemi reza, ya tsaga gefen disket ɗin, ya zaro wani faifai siriri daga ciki. Ya hure shi, ya goge da auduga a hankali, ya fasa wani sabon disket ya mayar da faifan a gidansa. Ya tura cikin inji. Injin ya fara wani gurnani, ya yi shiru, ya sake. Ni kuwa ina ƙirga tayil ɗin ƙasa don kada in faɗi (talatin da shida ne, biyu sun fashe).

Sai sunaye suka fara fitowa. Na Gabi sun fito duka. Na Sarkin Yamma suka fito, suka fito, sannan ƙauyuka biyu na ƙarshe suka zama wasu alamomi marasa ma'ana. Toka ta kankare wurin.

Darakta ya ce, "Habu, kana da kwana uku."

Kawu ya koma ƙauyukan nan biyu a moto cikin taɓo, gida gida. Ni kuma aka nemo mini izini a makaranta, na bi shi ina rubutawa, don ya ce tunda ni na binne su ni zan tono su. Mun kawo sunan ƙarshe ranar Juma'a bayan la'asar. Ranar Asabar kowa ya samu irinsa, Kawu bai rasa aikinsa ba. Waken Inna ne kawai ya tafi, don a rikicin an bar tulu buɗe awaki suka same shi. Har ta rasu, Allah ya jiƙanta, in zancen ya taso sai ta ce ofishin bai taɓa sa sunanta a rabon ba.

Daga ranar Kawu ya ƙara doka: kowane wata a ɗauko ajiya a buɗe a gani ko tana nan da rai. Ni ma na koyi tawa. In aka ba ni ajiyar abin da ban sani ba, ina cire kunya in yi tambaya, domin tambaya ɗaya a tsakar gidanmu ta fi sauƙi a kan bayanin wake gaban darakta.