Rasuwar Mai Baki Biyu, Rakodar Alhaji Mashud

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafu masu cike da gajiya, ni Tahiratu, matar Alhaji Mashud tsohon direban tasi na filin jirgin JFK, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki na unguwannin Morrisania da Jamaica da na gida Zangon Kumasi, rasuwar rakodarmu mai cin kaset biyu, wadda aka fi sani da Mai Baki Biyu. Ta cika ranar wata Talata bayan la'asar, a mazauninta na kan tebur kusa da taga, tana da shekara talatin da shida. Yau kwana goma sha tara ke nan. Na san ba a san mu da ajiye gawa ba, wannan aikin maƙwabtanmu Asante ne, amma na yi ta sa rai ko za ta farfaɗo.

Marigayiya ta riga ni shiga gidan nan da shekara biyu. Alhaji ya saye ta a wani kanti a unguwar Jamaica tun yana gwauro, ya rungumo ta a jirgin ƙasa har Bronx. Baƙa ce, mai nauyi, mai hannu a ka. Ba ta taɓa neman intanet ba, ba ta taɓa katse waƙa don ta tallata mana inshora ba. Idan aka danna ta sai ta ce ƙwas, ta ja numfashi shiiii, sannan ta fara. Idan kaset ya ƙare ta ce tak, ta yi shiru, ba ta ƙara ko kalma. Mutane kaɗan na sani masu wannan hali.

Duk rayuwarta ta yi wa aƙida ɗaya hidima, wato aƙidar mai gidanta. A wurin Alhaji, ƙungiyar mawaƙa ita ce maza huɗu ko biyar sanye da kwat iri ɗaya, muryoyinsu a jere, wani na sama wani na ƙasa, waƙa minti uku, da amshin da ko fasinjan da ya sauka daga Yamai bai san Turanci ba zai iya kamawa kafin a kai shi masauki. Ya ce an rufe ƙofar waƙa a shekarar 1985, duk wanda ya zo bayan nan ta taga ya shigo. Direbobin da suka yi zaman jiran fasinja tare da shi sun sha wannan wa'azi har sun haddace, Allah ya ba su ladan haƙuri.

Ni kuwa, tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, masu kwat ɗin nan sun ishe ni tun da daɗewa. Kullum soyayya, kullum zan mutu in ba ke, daga ji ka san babu wanda ya taɓa wanke kwano a cikinsu. Iya murya kam sun iya, ban hana su ba. Amma ni aikin kula da tsofaffi nake yi, awa goma a tsaye, kuma 'yarmu Hidaya ce ta saka mini waƙoƙin yaran nan da ake kira 'yan indi a waya, masu naɗar waƙa a ɗakin kwanansu ba tare da wani babban kamfani ba. Wata yarinya da jita ɗaya tana waƙa a kan jirgin da ya yi latti da wankin da ya taru. Na ce yauwa, ga wadda ta san garin da nake ciki. Su ma suna da nasu, wani sai ka rantse mura yake yi, wani ya yi minti shida bai kai ga amshi ba. Amma a gajiye suke waƙa, ni ma a gajiye nake sauraro, sai muka daidaita.

Alhaji ya ce waɗannan ba mawaƙa ba ne, marasa lafiya ne, a ba su koko su kwanta. Shekara goma muna wannan musu a gaban marigayiya, ba ta taɓa shiga ba. Don tsokana, nakan naɗi waƙar indi ɗaya a ɗan filin da ya rage a ƙarshen kaset ɗinsa, in koma kicin in jira ihu.

Waɗanda suke kusa sun san abin da ya sami Alhaji shekara huɗu da suka wuce. Ciwon mantuwa ne. Ya fara da manta hanyar filin jirgi, mutumin da ya yi shekara talatin yana bin ta. Daga nan sunayen abokai, daga nan na Hidaya. Ni ce ta ƙarshe. Ya koma kirana baiwar Allah, yana yi mini godiya cikin ladabi idan na ba shi abinci, kamar baƙuwar da aka turo daga ofis. Ku sani, duk garin nan shi kaɗai yake kiran sunana. Ku kuna cewa Hajiya, ko Maman Hidaya, a wurin aiki kuma sun gutsure shi sun bar harafi ɗaya. Shi ɗan zamani ne, tun ranar aure yake cewa Tahiratu gatsal, har iyayena suna jin kunya. Wata bakwai ban ji sunan nan a bakinsa ba.

Rannan na saka masa kaset na shiga wanka. Masu kwat suka gama, na manta akwai tsohuwar tsokanata a ƙarshe. Yarinyar nan mai jita ta fara. Sai na ji daga falo, da tsohuwar muryarsa ta direba: "Tahiratu! Wa ya saka mini wannan shirmen?" Wallahi da kumfar sabulu na fito. Ya harare ni, harara irin ta wanda ya san wadda yake harara. Minti biyu ya yi yana zagin yarinyar, sannan ya koma inda mantuwa take tafiya da shi.

A nan zan amsa laifina a gaban jama'a. Na ɗauki kaset ɗinsa arba'in da uku, na toshe ramukan bayansu da takarda don su karɓi sabon naɗi, na naɗi 'yan indi a tsakiyar kowanne, a kan waƙoƙin da ya fi so. Na lalata abin da ya tara tun yana saurayi, kuma ban yi nadama ba. Marigayiya ce ta yi aikin, ba ta tona ni ba. Shekara uku tana samo mini sunana, wata rana sau ɗaya, wata rana sau biyu, ranar da abin ya yi nauyi ko sau ɗaya babu. Da wannan nake tashi in tafi in wanke tsofaffin wasu, in dawo in wanke nawa.

Jinyarta ta yi tsawo. Bakin hagu ne ya fara mutuwa bara. Sai na dama ya soma tauna kaset, ina zaro zaren ina naɗe shi da biro. Daga baya muryarta ta yi nauyi, masu kwat suka koma kamar waɗanda suka ci tuwo suka ƙoshi, wooo wooo. Ranar Talatar nan ta ce ƙwas, ta ce grrr, wani ɗan wari ya tashi, shi ke nan. Na kai ta shagon Boubacar, mutumin Nijar mai gyaran waya da rediyo. Ya buɗe ta, ya daɗe yana dubawa, ya cire tabarau ya ce, "Hajiya, se fini, ta ƙare. Motar da ke juya kaset ɗin ta ƙone, kuma an daina yin irinta tun ina makaranta. Sai haƙuri." Na gode masa, bai ɓoye mini ba.

Kada wani ya zo mini da shawarar waya, na gwada. Na kunna masa yarinyar a waya, ya kalli bango. Hidaya ta yi odar sabuwar rakoda 'yar ƙarama fara, ta ce da Turancinta duk ɗaya ne, Mama. Ba ɗaya ba ne. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Na gode, baiwar Allah." Ashe ba waƙar ce take ba shi haushi ba, jin ta a bakin rakodarsa ne. Na shiga banɗaki na yi kuka, na fito na ɗora shinkafa.

Marigayiya ta rasu ta bar kaset arba'in da uku, dukkansu masu tabo, da biro ɗaya, da igiyar wuta mai ɗaure da salatif. Ta bar mai gidanta, wanda har yanzu yake miƙa hannu wajen tebur bayan la'asar. Ta bar ni.

Za a yi zaman makoki ranar Asabar bayan azahar a gidanmu, hawa na huɗu, lif ba ya aiki, masu ciwon gwiwa su yi addu'a daga ƙasa. Ba a jefa kayan lantarki a bola a garin nan, saboda haka Boubacar ne zai ɗauke ta zuwa inda ake karɓarsu ranar Litinin. Kafin nan, duk mai irinta a ƙarƙashin gado ko a sito, ko matacciya ce, ya kawo a duba ko motarta za ta shiga. Kada a kawo abinci, firij ya cika, ba mai ci.

Roƙona ɗaya ne ga masu zuwa gaisuwa, manya da yara. Za ku tarar da Alhaji a kujerarsa kusa da taga. Idan kun shigo, a ajiye kunya a bakin ƙofa. Kada a ce Hajiya, kada a ce Maman Hidaya. Ku ce Tahiratu, ku ɗaga murya yadda zai ji, ko Allah zai sa ya juyo ya ga wa ake nufi.