Ranar da Na Tada Motar Kawu Ba Direba

Ba zan taɓa mantawa da wannan yinin ba, ko da yake dole in faɗa tun farko cewa shekaru sun ja, mai yiwuwa wasu abubuwan sun cakuɗe mini. Ina jin cikin shekarun tamanin ne, bayan an gama kai gero gida. Lokacin ban daɗe da dawowa daga jami'a ba, ina koyarwa a koleji a Birnin Konni, kowa yana kirana Mushe (kirar malami ce daga Faransanci), har da kawuna da ya ga ranar sunana.

Ina neman auren Mariyama, ɗiyar Alhaji Nomau na wani ƙauye a yankin Alela. Kawu Illa ne zai je nema mini. A al'ada mai neman aure ba ya bin manya irin wannan tafiya, zama yake a gida yana jiran labari. To, Kawu yana da tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya amma bai iya tuƙi ba, direbansa kuma ya kwanta da masassara. Duk dangi ni kaɗai ke da lasin. Sai aka shirya in kai shi, in ɓuya bayan gari, kada kowa ya san na zo.

Direban, yana rawar ɗari cikin bargo, ya yi mini gargaɗi ɗaya: "Sitatarta tana da hali. Kada ka kashe ta sai wurin gangara. Burkin hannu ma ba ya riƙewa."

Na bi maganarsa. Na sauke Kawu, na je na tsaya kan gangarar tabki, na jira. Da lokaci ya yi na gangaro ta tashi, na zo har ƙofar gidan Alhaji in ɗauki Kawu saboda ciwon gwiwarsa, na ja hula har gira. Alhaji Nomau ya rako shi, suka tsaya jikin motar, Alhaji ya ɗaga hannu zai yi addu'ar sallama. Injin kuwa yana ta ƙara kamar na niƙa. Na ga rashin ladabi ne a bar mota tana danne addu'ar dattijo, sai na kashe. Kuma da yake ni mai taka-tsantsan ne, na sa ta a giya ta ɗaya kada ta gangara (wurin a shimfiɗe yake kamar tabarma, amma haka nake).

Kawu ya shigo ya zauna, ya raɗa mini: "Bai ba da amsa ba tukuna. Wai sai ya yi shawara da uwar ɗiyar. Na ce mishi kai yaro ne mai natsuwa, ko ruwa ba ka taɓa ɓararwa ba. Mu tahi kafin ya gane ka."

Na taka kuloci, na murɗa makulli. Tak. Na sake. Tak.

A nan zan ɗan kare kaina: ban rikice ba, a farko dai. Na san idan mota ta yi "tak" ta yi shiru, ko batir ne ya yi sanyi, ko kan batir ya saki, ko kuma ɗan gwangwanin nan da ke bisa sitata, wanda ake kira solinoyid, ya ƙi miƙa mata wuta. Na kunna fitila, ta haska sosai. Don in ƙara tabbatarwa na danna oda. Odar ta yi lafiya lau, har ta fito da rabin unguwa.

Dole na fito na buɗe bonet, murfin injin. Alhaji ya dube ni, ya dubi Kawu.

"Illa, wanga direban naka kamar na san shi."

"Kama ce, Alhaji," in ji Kawu, yana kallon gaba.

Na durƙusa na gaishe shi da muryar da ni ma ban ji ta ba. Na girgiza kawunan batir, suna nan daram. Na ƙwanƙwasa sitata da ƙarfe, na koma na murɗa. Tak. Samarin gidan suka ce bari su tura. Da na amsa musu, da yanzu babu wannan labarin. Amma na hango ƙannen Mariyama suna tura ni cikin rairayi, Alhaji yana kallo, na ce a'a, ƙaramin abu ne. Na ma ƙara da bayani (Allah Ya yafe mini) cewa batir lafiya, sitata ma mai yiwuwa lafiya, solinoyid ne kawai, kuma za a iya tsallake shi.

Na bar makulli a kunne. Na duba wayoyin wuta sau ba adadi, na naɗe hannun riga kada fanka ta kama, na ce yara su ja baya. Sannan na sunkuya ta gefe, na ɗora sukudireba kan ƙusoshin solinoyid guda biyu na haɗa su.

Wuta ta yi tartsatsi, injin ya kama nan take. Binciken nawa daidai ne. Abin da na manta shi ne giyar da na sa da hannuna, kuma yanzu babu mai taka kuloci.

Motar ta zabura ta bar ni tsaye da sukudireba. Ta tafi a hankali, bonet a sama kamar mai hamma, Kawu yana zaune ciki riƙe da hularsa. Na bi ta da gudu, na kama ƙofa, takalmina ya fita. Ta nufi dangar karan gidan, ta kwantar da ita gaba ɗaya, ta hau turmi ta mutu.

Bayan dangar kuwa, matan gidan ne jere, sun daɗe suna leƙen mu ta tsakanin kara. A gabansu akwai mahaifiyar Mariyama, wadda ko a hanya ya kamata in kauce mata. Ga ni gabanta, ƙafa ɗaya ba takalmi, baƙin mai har goshi. Ita ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni ba ni da mayafi, sai na durƙusa na ce, "Inna, ina wuni," da sukudireba a hannu.

Alhamdu lillahi ba wanda ya ji ciwo. Kawu ya sauko a hankali ya ce, "Alhaji, ruwa na ce bai taɓa ɓararwa ba. Ban yi maganar danga ba."

Alhaji bai yi dariya ba, abin da ya fi kashe ni ke nan. Ya daɗe yana duban dangar, sannan ya ce, "To, uwar ɗiyar dai ta gan shi, shawara ta yi sauƙi. Mushe, ka iya ɗaurin kara?"

Ban iya ba. Na koya a Lahadin da ta biyo, ƙarƙashin idonsa, tun safe har hannuwana suka yi kanta. Da na ɗaure na ƙarshe ya girgiza shi ya ce a gaya wa Illa an ba mu, da sharaɗin ranar biki in zo a amalanke.

Ranar motar kuwa, daga ƙarshe dai samarin da na hana ne suka tura mu. Abin da na koya shi ne, in an ce za a tura ka, ka yarda, kuma kafin ka binciki abin da ya lalace ka tuna abin da kai ka taɓa.

Mariyama ta dage cewa Kawu ya yi ihu, ni kuma ban ji ba. Akwai masu cewa turmin ya tsage, ina jin dama can a tsage yake. Duk wanda yake ƙofar gidan ranar, don Allah ya aiko mini da gyara, musamman kan maganar turmin, don har yau Inna ba ta yafe shi ba.