Babban Yatsan Delbert Pruitt

A duk tsawon kogin Gasconade babu gwanin fatsa kamar Delbert Pruitt. Wannan ba jita-jita ba ce, daga bakinsa muka ji, kuma ba sau ɗaya ba. Mu a shagon kofi na wata mata mai suna Wanda muna kiransa Sarkin Ruwa, yana kuma amsawa.

Kujerar bakin taga a shagon nan ta wanda ya fi kowa kama bas ce, kifin nan mai ƙaramin baki da faɗa kamar alfadari. Duk mai zaune a kanta shi ake fara zuba wa kofi, kuma idan yana magana ana yin shiru. Delbert ya daɗe a kanta. Da yake mu nan sakin kifi muke yi bayan mun kama, ba a zuwa da shaida a kwando. Shaidar tana babban yatsa. Da shi ake riƙe leɓen kifin a ciro shi daga ruwa, shi kuma leɓen kaushi gare shi, sai ya kankare fata. Yatsan Delbert kullum ja wur yake. Yakan ɗora shi a gefen kofinsa, inda haske ya fi faɗowa.

Orval mai shagon kayan gini ya taɓa cewa Delbert na yawan sayen samfefa, takardar nan ta kankare katako, ko da yake ba a taɓa ganin ya sassaƙa ko cokali ba. Wataƙila kyauta yake yi da ita.

Bana ruwan sama ya ƙi ɗaukewa. Kogi ya cika, ya koma launin kofi da madara, yana tafe da kututture da shingen gonakin mutane. Iska mai sanyi ta biyo baya. Kifi ya daina kamuwa, yatsun kowa suka warke sumul, abin kunya. Na Delbert kuwa har da ɗan jini.

"A ruwa garau ai ko jariri ya kama," in ji shi. "Sai kogi ya fusata ake sanin maza. Ni ba neman kifi nake ba, Orval. Na san ɗakin kowanne."

Orval ya cire hularsa. "Ranka ya daɗe, ilimi irin wannan kada ya bi ka kabari. Asabar mu bi ka mu gani."

Delbert ya ce yana da tari. Wanda ta ce za ta haɗa masa shayi da zuma. Ya ce kwalekwalensa na yoyo. Kowa ya yi tayin nasa, don mutanen garinmu akwai kirki. Ƙarshe nawa aka zaɓa, ni ke tuƙi.

Ranar Asabar ya iso da hula mai cike da ƙugiyoyi da sandar fatsa wadda har yanzu takardar kanti na reto a jikinta. Ya yi mana lacca a gaɓa kan iska da gajimare da halayyar kifi in ransa ya ɓaci, har ƙafafunmu suka mutu. Ina jin yana sa ran ruwan sama zai sake saukowa. Bai sauko ba.

Na kai shi bayan wani dutse inda ruwa ke kwanciya. Sauran suka jera kwalekwalensu nesa kaɗan, kamar 'yan makaranta. Ya wurga tsutsar roba, ta faɗi kusa da mu sosai.

Sai tsautsayi ya auku. Sanda ta lanƙwashe.

Ban taɓa ganin bas irin wannan ba, kauri kamar cinyar mutum. Ya yi tsalle, ya nutse, ya ja mu gefe. Delbert ya riƙe sanda da hannu biyu yana kiran sunan mahaifiyarsa. Da kifin ya gaji don kansa, ya zo ya kwanta jikin kwalekwale, ya wangame baki yana jira.

"Ciro shi, Sarki!" Orval ya ƙwala daga can. "Nuna mana riƙon!"

Delbert ya naɗe hannun riga. Ya miƙa jan yatsan nan a hankali, ya tsaya. Ya leƙa cikin bakin kifin, ya daɗe yana leƙe. Sannan ya sunkuyo wajena, ya yi ƙasa da murya, ya manta yadda magana ke yin nisa a kan ruwa.

"Virgil," ya ce, "yana cizo?"