Ƙarin da Ya Sauka a Gwiwata

Jama'a, ku taya ni murna, ƙarin da manyanmu suka daɗe suna yi mana alkawari ya iso. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, sai dai nawa a gwiwa ya faɗo.

Ni tela ne, da ƙafar dama nake taka keke, ita ke ciyar da gidana. Kwanan baya ta fara kuka kamar tsohuwar ƙofa, ga wani kumburi mai tauri a gefen gwiwa. Maƙwabcina mai faci ya latsa wurin kamar yana duba taya, ya girgiza kai.

"Malam Tela, ƙari ne," in ji shi. "Na ƙanin matata haka ya fara. Yanzu takalmi ɗaya yake sawa."

Dariya na yi, amma wallahi ta yaƙe ce. Tela ba ƙafa, da me zai taka keke?

Likita ya tura ni ɗakin na'urar nan mai maganaɗisu da ke hango cikin ƙashi. Allah ya ja zamanin Ranka-ya-daɗe, sau biyu ya zo ya yanke ƙyallen buɗe ta, allon sunansa ma ya fi ƙofar ɗakin faɗi. Wutar da za ta tayar da ita ce kawai aka manta. Muka jeru a benci muna jiran man janareta, wanda aka ce shi ma yana can a layi.

Da wuta ta samu, ma'aikaciyar ta ce in cire duk ƙarfen da ke jikina. Na zube makulli da alluran da ke wuyan rigata.

"Baba, duk ƙarar da ka ji, kada ka motsa."

"'Yata," na ce, "ai wannan muka fi ƙwarewa a kai."

Na'ura ta yi ta dukan kunnena kamar maƙera, ni kuwa ina ta addu'a. Bayan nan likita ya ƙura wa hoton ido.

"Ƙarin ƙashi ne, amma marar cutarwa. Yana zaune inda yake, ba ya cin na kusa da shi. Ba abin da za a yanke."

Sai da idona ya kawo ruwa don daɗi. Na ce, "Likita, mai irin wannan hali ai kujera ya kamata a ba shi."

Ya ce ciwon ma ba laifin ƙarin ba ne, guringuntsin gwiwar ne ya zaizaye, in rage doguwar tsayuwa. Na roƙe shi ya je gidan mai ya faɗa musu da bakinsa.

To, an yi mana ƙarin kuɗin mai, da na wuta, da ƙarin haƙuri. Wannan ne ƙari na farko da bai ci ni ba. Ku dai rufa mini asiri, kada Ranka-ya-daɗe ya ji labari, ya taho da almakashinsa.