Ranar da Ƙafar Kawu Ta Yi Shuri

Zamanin Turawa na dawo Haɗeja daga koyon aikin asibiti, da 'yar gudumar roba da ilimin wata shida. Na tarar Kawu, tsohon masunci, ƙafafunsa sun shanye. Na tara mutan gida na karantar da su: jijiya wayar tangaraho ce, ƙwaƙwalwa kuwa babban ofis. Na ƙwanƙwasa gwiwarsa, ƙafar ta yi shuri, mata suka rangaɗa guɗa.

Na ce, "Kawu, kafin ruwa ya janye daga fadama za ka taka."

Ashe shurin aikin lakar baya ne kawai, saƙon ofis ba ya isowa. Kawu ya sa aka gyara kwalekwalensa. Kwalekwalen ya ruɓe a bakin kogi yana jiransa.

Har ya rasu, in na shigo sai ya ce, "Malam Guduma, zo ka buga mini, na yi kewar tafiya." Jikokinsa ba su san min wani suna ba.