A Dawo Mana da Rubutu, Zanen Nan Ya Kashe Mini Kasuwa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ofishin Jefo Takardu daga Sama,

Ranka ya daɗe. Bayan gaisuwa mai tarin yawa gare ka da matuƙan jiragenka, waɗanda har yau ba su taɓa saukowa mun gaisa ba, ina neman izinin gabatar da ɗan kokena.

Ni ne tsohon nan na ƙarshen layi. Tun rasuwar mai ɗakina ba mai ɗaga labulen ƙofata sai iska. Da yaƙin nan ya zo kuka fara yi mana ruwan takardu, sai unguwa ta tuna akwai wanda ya yi makaranta tun zamanin da ake dukan yatsu da rula. Wanzami ya zo, mai shayi ya zo da kofi a hannu, matar tela ta kwaso 'ya'yanta. "Baba, me suka ce yau?" Ku layi huɗu kuke rubutowa, ni kuwa sai in goge tabarau, in yi gyaran murya, in ja su tun la'asar har rana ta faɗi. Cewa kuke mu miƙa wuya ko mu gani. Wallahi ban taɓa jin barazana mai daɗin taku ba.

To, ga abin da ya hana ni sukuni.

Na ɗaya, wa ya ba ku shawarar barin rubutu ku koma zane? Takardar makon jiya babu ko harafi, sai wani mutum yana gudu da kibiya a gabansa. Yanzu kowa ya zama malami. Wanzami ya rantse gasar tsere kuka shirya, har ya fara motsa jiki da safe. Matar tela ta ce mijinta ne kuka zana, ta gane ƙeyarsa, kuma sai ya faɗa mata gidan wa kibiyar take nunawa. Ba wanda ya nemi ra'ayina. Jiya mai shayi ya wuce ta ƙofata ya ce, "Baba, sannu da hutawa," ko rage sauri bai yi ba.

Na biyu, in ma gudun kuke nufi, ranka ya daɗe, da wace ƙafar? Ni da nake yada zango tsakanin gado da bakin ƙofa? Ku zana mai dogara sanda mana, ko ma san kun san da mu.

Na uku ƙarami ne: a riƙa kwance damin takardun kafin a sako shi. Wanda ya zo a ɗaure ya huda mini kwanon rufi, ya sauka a kan tulun ruwana. Ban riƙe ku a zuci ba, don ranar gidana ya cika da 'yan kallo, har da masu jaje.

Ban ce ku tsaida yaƙi ba, na san wannan ya fi ƙarfin teburinka. Rubutun kawai nake roƙo a dawo da shi: ƙanana, gaba da baya, da dogayen kalmomi irin waɗanda sai an zauna an yi bayani. Ko zaginmu za ku yi, zan karanta shi cikin ladabi, in maimaita wa wanda ya makara. Tabarma tana nan a shimfiɗe, bencin da na aro ma ban mayar ba.

Naka mai biyayya har ƙasa, in gwiwa ta yarda,

Baba Mai Tabarau,
gidan nan mai huji a rufi. Matuƙinku ya san shi.